Na Hau Lilon Sallah a Gumel Ina da Shekara 34

Uwargida, yaushe rabonki da ki yi ihu? Ba ihun rabon faɗan yara nake nufi ba, ba kuma na ɗakin haihuwa ba. Ihun nan da ke ƙwace wa mutum, ya ji yana dariya hawaye na zuba. Ni dai nawa a Gumel na yi shi, washegarin ƙaramar Sallar 2024, ina rataye tsakanin sama da ƙasa a cikin akwatin ƙarfe, 'yata mai shekara 8 tana riƙe da hannuna tana ba ni haƙuri.

Ba lilon igiya da ake ɗaurawa a reshen darbejiya ba ne. Ki ɗauka an tayar da ƙafar keke a tsaye, an ninka girmanta har ta ɗara bene mai hawa ɗaya, sannan an rataya mata akwatuna 8 a kewaye, kowanne da benci biyu suna fuskantar juna. Masu walda na gida ne ke ƙera shi. Ba inji, ba lantarki. Samari ne ke juya shi da ƙarfin jiki: ɗaya ya yi tsalle ya cafke ƙarfe ya rataya, nauyinsa ya jawo lilon ƙasa, ya saki, na bayansa ya cafke. In Sallah ta zo ko Mauludi, sai ki wayi gari ki gan shi a wani fili, kamar cikin dare ya tsiro.

A Sule Tankarkar aka haife ni. Muna yara, babban abin da muke jira a shekara shi ne Baba ya kawo mu Gumel kallon hawa. In an tashi daga kallo, yayyena maza su ruga filin lilo, Baba ya biya musu. Ni kuwa magana ɗaya ce duk shekara: 'ya mace ba ta hawa sama. Aikina shi ne riƙe musu takalma, don kada su suɓuce daga sama su ɓata. Sai in tsaya da silifa ƙafa shida a ƙirji, wuyana a miƙe, ina ƙirga zagaye. Ban taɓa yin kuka ba, na ɗauka haka Allah ya tsara, wasu su hau, wasu su riƙe takalma. Allah ya jiƙan Baba, ba mugunta ba ce, tarbiyyar da ya tarar ke nan.

Da na girma na zama nas, sai na samu dalilin da ya fi na Baba ƙarfi. Wata ranar Sallah ina bakin aiki aka shigo da wata yarinya, ba za ta wuce shekara 10 ba. Gefen hijabinta ne ya shiga mahaɗar ƙarfen da akwati ke rataye a kai, lilo na juyawa yana nannaɗe shi. Kafin samarin su ankara su tsayar, ya shaƙe ta ya fizgo ta. Hannu ya karye, wuya ya saɓule zagaye kamar an ja mata igiya. Ta warke, alhamdulillahi. Amma ni ban warke ba. Daga ranar na kafa doka a gidana: ba ɗan da na haifa da zai hau wannan abu. Shekara 3 Ummi tana roƙona, shekara 3 ina ce mata sai ta girma, alhali na san ba ranar da nake nufi.

To, a 2024 muka zo Gumel yin Sallah wurin surukata. Idan ba ki taɓa zuwa ba, garin yana arewa maso gabashin Kano, tafiyar kilomita wajen 120, kuma shi ne kan masarautar da ta haɗa ƙananan hukumomi 4: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Mutanen garin suna da wani ji da kai da ake gane shi a tafiyarsu, kuma suna da hujja. Sarautar Mangawa ce da aka kafa tun wajen 1750, ta bi Borno, kuma tutar Sakkwato ba ta taɓa cin ta ba, duk da tana tsakanin Haɗeja da Damagaram, kowa na kai mata hari ta nasa ɓangaren. Mai Martaba Alhaji Ahmad Muhammad Sani ya haura shekara 40 a kan karaga. Ranar hawa, in dawakai suka taso da ƙura, algaita da tambura suka gauraya, ko baƙo sai tsikar jikinsa ta tashi. Sai dai zafi. Sallar ta faɗo ranar Laraba 10 ga Afrilu, kuma kin san Afrilun arewacin Jigawa ba ya wasa. Ƙarfe ma in ya sha rana ba ya taɓuwa sai bayan la'asar.

Bayan la'asar ɗin ranar Alhamis ne ƙanwar maigidana ta kwashi yaran gidan za ta kai su filin lilo, na ce bari in bi su in sa ido. Muna isa yara suka watse, kowa da kuɗin yawon Sallarsa a hannu. Ina tsaye ina gaisawa da wata tsohuwar ƙawa, sai na juya na hangi Ummi a gefe. Sabuwar atamfarta, lallenta, ɗan gyalenta. Ta rungume takalman 'yan uwanta a ƙirji, wuyanta a miƙe.

Ba ta roƙe ni ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da na matsa kusa, cewa kawai ta yi, “Umma, zagaye 12 ake yi. Na ƙirga.”

Ban san tsawon lokacin da na yi shiru ba. Ni da na yi karatu, na yi alkawarin 'yata ba za ta taso a tsorace ba, ga shi na miƙa mata aikin da aka ba ni, takalmi da takalmi. Amma hoton wuyan yarinyar nan ma bai gushe ba. Ba zan ce miki tsorona shirme ba ne, domin da hannuna na wanke ciwon.

Sai na yi abin da na iya. Na zagaya lilon kamar yadda nake zagaya gadon majinyaci. Na duba ƙafafunsa huɗu, ko an kafe su da turaku ko kuwa a kan rairayi kawai aka ɗora su, domin ƙasarmu jigawa ce, tana zamewa. An kafe, an kuma danne da buhunan yashi. Na duba wuraren walda ko akwai tsagewa. Na duba sandar da akwatuna ke rataye a kai, ko noti ne a bakinta ko ƙusa aka lanƙwasa. Na tsaya na kalli zagaye biyu cikakku in ga ko ana cusa yara fiye da kima, da kuma abin da samarin ke yi idan yaro ya fasa kuka na gaske. Sun tsayar sun sauke shi, wannan ya kwantar mini da hankali fiye da komai.

Mai lilon, wani dattijo mai furfura a gemu, yana ta bina da ido. Can ya matso ya rage murya, “Hajiya, in na haraji ne, wallahi tun safe na biya.”

Na yi dariya na ce, “Baba, ni nas ce. Wancan akwatin mai koren fenti, sakatarsa ta cire, da waya aka ɗaure ƙofar.”

Ya je ya duba, ya girgiza kai, ya yi wa yaransa tsawa. Sai ya sa aka bar shi ba kowa, aka kuma bar wanda ke daura da shi ta ɗaya ɓangaren. Na tambaye shi me ya sa biyu. Ya ce lilo kamar kayan jaki ne, in gefe ɗaya ya fi nauyi, sai ya riƙa fizga yana gudu a gangara yana nauyi a hawa, kuma a nan ake samun matsala. Ya yi asarar kuɗin akwati biyu a kowane zagaye a ranar da ta fi kowace ciniki, bai yi mini gardama ba. Ki riƙe wannan, uwargida: mai lilon da ya ji haushin tambayarki, ki ja ɗanki ku tafi.

Muka ɗan taɓa hira. Ya ce in Sallah ta wuce yakan kwance lilon gunduwa-gunduwa, ya loda a a-kori-kura, ya bi garuruwa, yau Gagarawa, gobe Sule Tankarkar, wani lokaci har ƙauyukan tsallaken iyaka. Ya ce watannin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 sun gasa shi, domin in kasuwar Maigatari ta yi sanyi, aljihun duk ƙasar Gumel ne ke yin sanyi, kuma uban da bai sayar da akuyarsa ba ba ya ba yaro kuɗin lilo. A watan Maris aka buɗe, wata guda kafin Sallah.

Na kira maigida a waya. Ya yi ta dariya har sai da na ji haushi, sannan ya ce, “Ki hau mana. Amma in kin faɗo, wa zai ɗaure miki ciwon?” Ƙanwarsa kuwa ta riƙe baki, “Anti, wallahi kafin magariba kin shiga Facebook.” Na ce ta ajiye wayarta a jaka in tana son zaman lafiya. Gaskiya kunya ta fi tsoro yawa a lokacin. Matar aure, uwar 'ya'ya 3, a garin surukai, cikin layin yara. Amma na riga na yanke: in Ummi za ta hau, ina gefenta.

Na tattare hijabina na ƙulle shi ta gaba, na zauna a kan sauran. Na cire wa Ummi gyalenta na cusa a jaka. Takalmanmu kuwa, wani ɗan yayan maigida da ya riga ya hau sau biyu na miƙa wa. Namiji ne, ya karɓa yana zumɓura baki.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne ba a farawa da gudu. Akwati ɗaya-ɗaya ake cikawa, don haka a ɗaga ku kaɗan a tsaya, a ƙara ɗagawa a tsaya, har ku kai ƙololuwa, a bar ku a can ana canjin kuɗi a ƙasa. Akwatin yana ɗan rangaji, ƙarfe yana kuka ƙii-ƙii, iska ta fi ta ƙasa sanyi. Na runtse ido ina salati. Sai Ummi ta ce, “Umma, buɗe ki gani.”

Na buɗe.

Ke da kika taso a Dutse ko kusa da Dala ba za ki gane ba. Mu ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai, ba dutse, ba tudun kirki. Shekara 34 ina kallon garuruwanmu daga tsayin idona kawai. Yau ga Gumel a ƙarƙashina: rufin kwano yana ƙyalli, soraye na ƙasa da zankayensu, tsakar gidajen mutane da igiyoyin shanya da tukwanen miyar Sallah, hasumiyar masallaci, kan darbejiya kore shar kamar an jera kwanduna. Bayan gari kuma gonaki fayau, farare, suna jiran ruwa, nan da can kuka ko gawo a tsaye. Gonakin nan ne in damina ta sauka suke ba da gero da riɗi da zoɓo da ake lodawa manyan motoci.

Na nuna wa Ummi arewa, inda hanyar Maigatari ta miƙe. Ba a hango garin, amma na ce mata yau Alhamis, ranar kasuwarsa, inda shanu da raƙuma da tumaki ke sauka daga Nijar, dillalai su loda su a tirela har kudancin ƙasar nan. Na nuna mata ɓangaren Gagarawa, inda layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa tun 1930, har aka samu unguwar da ake kira Tasha. Sai na juya yamma, inda rana ke shirin faɗuwa ja wur cikin ƙura. Can ne Sule Tankarkar. Can Baba yake kwance. Ban ce mata komai a kan wannan ba.

Ina cikin wannan tunani aka saki lilo.

Wallahi, 'yar uwa, ji na yi kamar an zare benci daga ƙarƙashina, hanjina ya taso ya tsaya a maƙogwaro. Ihun da na yi, an ce har mai rake a bakin titi ya juyo. Kafin in haɗiye shi mun wuce ƙasa, fuskokin mutane sun shuɗe kamar an goge su, nauyi ya danne ni a benci, muka sake hawa. A zagaye na uku na daina salati da baki, sai a zuci. A na biyar na ji wani sauti yana fita daga bakina, ashe dariya ce. Ummi kuwa ko gezau, sai cewa take, “Ki kalli nesa, Umma, kar ki kalli ƙasa.” Maganar da nake gaya mata ke nan a mota in zuciyarta na tashi. Ta mayar mini da kayana.

Kuma maganar gaskiya ce, ga dalili. A can cikin kunnen kowane mutum akwai wasu 'yan bututu 3 masu lanƙwasa, cike da ruwa, da wasu ƙananan duwatsu da ido ba ya gani. Su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kina juyawa, ko kina hawa, ko kina sauka. Idan kunne ya ce ana gudu, ido kuma yana kallon benci ya ce a zaune ake, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, daga nan hajijiya da tashin zuciya. In kika kafa ido a kan abu mai nisa da ba ya motsi, sai su biyun su daidaita. Shi kuwa tashin hanjin nan, ba hanji ne ke barin wurinsa ba. A gangara benci yana saurin sauka, jiki ya rasa abin da ke tokare shi na ɗan lokaci, kayan ciki da ke rataye su yi sakayau. Bugun zuciya da gumin tafin hannu kuma aikin sinadarin adirenalin ne, wanda jiki ke saki in ya zaci haɗari. Ni da na ci jarrabawa a kan duk wannan, sanin bai hana ni ihu ba.

Saboda wannan bugun zuciyar ne nake roƙonki, in kina da juna biyu, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko ciwon zuciya, ko ba ki daɗe da yin tiyata ba, ki tsaya a ƙasa. Yaro mai farfaɗiya ma haka, sai da shawarar likitansa. Ƙaramin yaron da ba zai iya riƙe ƙarfe da kansa ya kuma bi umarni ba, kada a ɗora shi a cinyar yayarsa a ce ta riƙe, ita ma yarinya ce. Kada a hau da cikin da aka cika da tuwo da lemo yanzu-yanzu. Hijabi, gyale, igiyar wando, dogon kitso mai jela, duk a tattare. Tsayawa kusa da lilo yana juyawa shi ma haɗari ne, akwati na iya dukan kan yaron da ya kutsa neman takalminsa. In kuwa tsautsayi ya sa yaro ya faɗo ya bugu a ka, ko ya tashi yana wasa ki sa masa ido kwana guda cur. Amai a jere, barcin da ba a iya tashinsa, fizge-fizge, ruɗewa, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, ko ɗaya kika gani, asibiti kai tsaye, ba kemis ba, ba mai ɗori ba. Yankan ƙarfe kuma a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a je a duba maganar allurar titanus.

Da dare na kasa barci, na shiga intanet ina bin asalin abin. Turawa suna kiransa da sunan wani injiniya Ba'amurke, George Ferris, wanda ya gina wani ƙato a baje kolin birnin Shikago a 1893, tsayinsa mita 80, da ɗakuna 36, kowanne na iya ɗaukar mutum 60. Na Dubai da aka buɗe a 2021 ya kai mita 250. Amma abin da ya fi burge ni ya girmi waɗannan duka. A 1620 wani matafiyi ɗan Ingila, Peter Mundy, ya ratsa wani gari na Daular Usmaniyya wanda yau yake cikin Bulgeriya, ya tarar ana juya yara a irin wannan lilo da hannu, suna zaune a 'yan kujeru da aka rataya a kewaye, kuma na bikin Sallah ne. Shekara 400 ke nan yaran Musulmi suna ihu a sama ranar Idi. Ni da nake ɗauka baƙon abu ne da 'yan zamani suka kawo mana.

Amma na tsallake wani wuri. Da aka tsayar da lilo muka sauko, ƙafafuna rawa suke kamar na sabon ɗan maraƙi, sai da na dafa kafaɗar Ummi. Dattijon ya ƙi karɓar kuɗina, ya ce na sakata ne. Na matsa masa ya karɓi na yarinyar. Muna tafe gida gabana na faɗuwa, domin na san Gumel, labari ya fi mota sauri.

Haka kuwa aka yi. Muka tarar da Hajiya a kan tabarma a tsakar gida, carbi a hannu, fuska ba yabo ba fallasa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice. Yara suka yi tsit.

“An ce kin hau lilo.”

“Na hau, Hajiya.”

Ta ja carbi ɗaya, biyu, uku. Ta kalli Ummi da har yanzu bakinta bai rufu ba don murna, ta sake kallona. Sai ta yi wa yaran alama su ba mu wuri. Da suka fita ta gyara zama, ta matso da kanta kusa da nawa, ta rage murya yadda ko 'yar aikinta ba za ta ji ba.

“Ke, gaya mini. Daga can sama ana hango cikin gidan Sarki?”